Tsoffin Tsabar Kuɗin Japan: Yadda Ake Gane Su Da Ƙiyasta Darajarsu

Ba sabon abu ba ne a ƙasar Japan magada su buɗe akwatin mamaci su tarar da ƙunshin tsoffin tsabar kuɗi, wasu masu huji a tsakiya an zarge su a igiya, wasu kuma na azurfa ɗauke da zanen dodo mai siffar maciji. Irin waɗannan kuɗaɗe sun bazu zuwa sassa dabam-dabam na duniya ta hannun sojoji da 'yan kasuwa da ɗalibai da ma'aikatan jakadanci, saboda haka ba a Japan kaɗai ake cin gadonsu ba.

Tambayar farko da magada kan yi ita ce nawa kayan za su yi a kasuwa, amsar kuma takan zo musu da ba-zata. Kwabon da ya shekara 300 yana iya kasa sayen kofin shayi a birnin Tokyo, alhali wani da aka buga a shekarar 1987 ya ninka abin da aka rubuta a jikinsa sau goma ko fiye. Dalili shi ne tsufa kaɗai ba ya sa wa tsaba daraja. Abubuwan da masana ke dubawa su ne irin kuɗin, da ƙarfen da aka yi shi da shi, da yawan waɗanda aka ƙera, sa'annan da yanayin da yake ciki. Duk magajin da ya sayar ko ya raba kafin ya san waɗannan abubuwa huɗu, to yana cikin haɗarin cutar kansa ko cutar 'yan uwansa.

Zubi ko bugu

Matakin farko shi ne a ware kuɗin gida biyu, wato na kafin shekarar 1870 da na bayanta. Kwabban tagulla na da zubinsu aka riƙa yi. Ana narka ƙarfe a kwarara shi cikin ma'ajin yashi, ya fito kamar reshen itace da kwabbai maƙale a jikinsa, sa'annan a ɓalle su ɗaya bayan ɗaya. Hujin da ke tsakiyarsu murabba'i ne mai kusurwa huɗu, saɓanin zagayayyen hujin anini da kwabon zamanin Turawa a Afirka ta Yamma. Ta cikinsa ake zura sanda mai kusurwa huɗu don kada kwabban su juya sa'ad da ake goge gefensu da zarto, daga baya kuma ta nan ake zarge su a igiya. A zamanin Edo igiya mai kwabo 96 ita ake lissafawa a matsayin 100.

Daga 1870 kuwa aka koma bugawa da injuna irin na Turai. Kuɗin wannan zamani zagayayyu ne sumul, zanensu fes, kuma kowanne yana ɗauke da shekarar da aka buga shi.

Kuɗin farko-farko

Tsabar da ta fi suna cikin na farko ita ce Wado Kaichin, wadda aka fitar a shekarar 708 zamanin sarauniya Genmei, bisa koyi da kuɗin daular Tang ta ƙasar Sin. Akwai wata da ta riga ta mai suna Fuhonsen, wadda masu binciken kayan tarihi suka tono da yawa a yankin Asuka a ƙarshen shekarun 1990. Daga 708 zuwa 958 fadar sarki ta fitar da kwabbai iri 12, daga nan kuma ta daina, aka shafe kimanin shekaru 600 gwamnatin tsakiya ba ta ƙera kuɗi ba.

A tsawon wannan lokaci da kwabban Sin na daulolin Song da Ming aka riƙa ciniki a Japan, musamman wanda Japanawa ke kira Eiraku Tsuho. Wannan ne ya sa a yawancin tarin gado ake samun kuɗin Sin gauraye da na Japan. Waɗancan iri 12 na fada kuwa suna da wuyar samu ƙwarai, kuma akasarin waɗanda ake gani a hannun jama'a kwaikwayo ne da aka yi domin tsaraba.

Kan'ei Tsuho

Kwabon da ya fi yawa a kowane tari shi ne Kan'ei Tsuho. Gwamnatin gidan Tokugawa, wadda ta mulki Japan daga 1603 zuwa 1867 a ƙarƙashin shugabannin soja masu laƙabin Shogun, ita ta fara fitar da shi a hukumance a 1636. Yana da haruffa huɗu kewaye da huji, 寛永通寶, ana karanta su daga sama zuwa ƙasa, sa'annan dama zuwa hagu. Biyun farko sunan zamanin Kan'ei ne, wanda ya ƙare a 1644, amma an ci gaba da zuba kwabon da wannan suna har cikin shekarun 1860. Ke nan rubutun ba ya nuna shekarar ƙira, kamar dai liyarin azurfa na Mariya Tareza da fatake suka sani, wanda ake ta bugawa da shekarar 1780 tun bayan rasuwarta.

Bayan kwabon ne ke ba da haske. Waɗanda aka yi kafin 1668 ana kiransu tsohon Kan'ei, na bayansu kuma sabo. Na shekarar 1668 suna da harafin 文 a baya. Wasu haruffan suna nuna wurin ƙira, alal misali 佐 na tsibirin Sado, 足 na Ashio, 仙 na Sendai, 長 kuma na Nagasaki. Daga 1739 aka fara yin wasu da baƙin ƙarfe saboda ƙarancin tagulla. A 1768 aka fitar da mai darajar mon huɗu, wanda ya ɗan fi girma, mai zanen igiyar ruwa 21 a baya, daga shekara mai zuwa kuma aka rage igiyoyin zuwa 11.

Saboda ɗimbin yawansu, galibin waɗannan kwabbai a buhu ko a kilo dillalai ke sayensu. Na tagullar ma sun ci gaba da zama halaltaccen kuɗi, ko da yake mai ƙanƙanuwar daraja, har zuwa 1953. To amma akwai ɗaruruwan nau'o'i da ake bambancewa ta tsawon wani layi ko faɗin wani harafi, kuma wasunsu suna da tsada. Mafi muhimmanci shi ne wanda ake kira uwar kwabo, wato samfurin da ake dannawa cikin yashi don fitar da siffa. Yakan ɗan fi sauran girma, haruffansa sun fi fitowa, kuma farashinsa ya yi wa na sauran nisa.

Kwabo mai siffar ƙwai da azurfa mai kusurwa huɗu

Tenpo Tsuho shi ne babban kwabon nan mai siffar ƙwai da huji murabba'i, wanda aka fara zubawa a 1835. Tsawonsa kimanin milimita 49 ne, nauyinsa kuma ya ɗan haura giram 20. A bayansa an rubuta 當百, ma'ana daidai yake da mon 100, ko da yake tagullar da ke jikinsa ba ta kai ta ƙananan kwabbai goma ba. Girmansa kan sa magada su zaci dukiya ce, amma gwamnati ta zuba fiye da miliyan 480, ban da waɗanda hukumomin wasu larduna kamar Satsuma da Mito suka yi a ɓoye saboda ribar da ke ciki. Abin sha'awa shi ne a yau wasu daga cikin waɗancan na ɓoye sun fi na gwamnati tsada a wajen masu tarawa. An dakatar da amfani da shi a 1891.

Akan kuma sami 'yan ƙananan allunan azurfa masu kusurwa huɗu, kewaye da zanen furannin sakura. Wannan shi ne Ichibu-gin, mai nauyin kimanin giram 8.6, wanda aka fara a 1837 aka kuma sabunta a 1859. Ƙanensa shi ne Isshu-gin, wanda bai kai giram biyu ba. Akwai kuma azurfa mai siffar curi ko ƙwayar wake da aka daddanna wa tambari, wadda a kan sikeli ake auna darajarta, da ma'aunin monme mai giram 3.75.

Koban da Oban

Zinariyar zamanin Edo ita ce Koban, faifai mai siffar ƙwai, siriri, mai layuka a kwance kamar saƙar tabarma, ɗauke da sa hannun gidan Goto da ke kula da maƙerar zinariya. Darajarsa ryo ɗaya ce, daidai da bu huɗu ko shu 16. Tokugawa Ieyasu ne ya fitar da na farko, Keicho, a 1601, mai nauyin kusan giram 18, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa zinariya ce.

Koban iri goma aka yi a zamanin, kuma ba ɗaya suke ba. A 1695, da baitulmali ya shiga matsi, aka rage zinariyar zuwa kimanin kashi 57 cikin 100, aka cike da azurfa. Na ƙarshe, wato Man'en na 1860, giram 3.3 kacal ne. An ƙanƙantar da shi ne domin bayan buɗe tashoshin jiragen ruwa a 1859, 'yan kasuwar ƙetare sun gano cewa a Japan azurfa biyar ke sayen zinariya ɗaya, alhali a kasuwannin duniya sai kimanin 15, suka yi ta kwasar zinariyar ƙasar zuwa waje. Harafin da aka danna a baya yana taimakawa wajen ganewa: 元 na Genroku, 保 na Tenpo, 正 kuma na Ansei.

Oban ya fi girma nesa ba kusa ba. Wanda Toyotomi Hideyoshi ya sa aka yi a 1588 ya kai kimanin giram 165, kuma domin kyauta da tukuici ake yinsa. Rubutun da ke fuskarsa da tawada aka yi shi da hannu. Idan tawadar ta asali ce farashinsa yakan hau, idan kuwa ta goge ko an sake rubutawa sai ya faɗi.

Zuwan yen

Bayan faɗuwar mulkin Shogun, gwamnatin sarki Meiji ta kafa dokar sabon kuɗi a 1871. Yen ɗaya ya zama sen 100 ko rin 1,000, aka kuma daidaita shi da giram ɗaya da rabi na tsantsar zinariya. A wannan shekara aka buɗe maƙerar kuɗi ta Osaka da injunan da aka sayo daga maƙerar Birtaniya ta Hong Kong da aka rufe, ƙarƙashin jagorancin wani Bature mai suna Thomas Kinder. Kuɗin farko suna ɗauke da shekarar 1870. Ba a sa hoton sarki a kansu ba, sai zanen dodo na gwanin sassaƙa Kano Natsuo, tare da furen kiku mai ganye 16, wanda shi ne tambarin gidan sarauta.

Yadda ake karanta shekara

Japan tana lissafin shekara ne daga hawan sarki. Rubutun yakan fara da sunan zamani, sai lamba, sai harafin 年 mai ma'anar shekara. Zamunan biyar ne. Meiji, 明治, ya fara a 1868, saboda haka ana ƙara 1867 a kan lambar. Taisho, 大正, ya fara a 1912, ana ƙara 1911. Showa, 昭和, ya fara a 1926, ana ƙara 1925. Heisei, 平成, ya fara a 1989, ana ƙara 1988. Reiwa, 令和, ya fara a 2019, ana ƙara 2018. Shekarar farko ta kowane zamani da harafin 元 ake rubuta ta.

Lambobin daga ɗaya zuwa goma su ne 一 二 三 四 五 六 七 八 九 十. Idan ƙaramar lamba ta gabaci goma ninkawa ake yi, idan ta biyo baya kuma ƙari ne. Ke nan 二十 ashirin ne, 十二 kuma sha biyu. Rubutun 明治二十八年 yana nufin shekara ta 28 ta Meiji, wato 1895.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin kuɗin da aka buga kafin ƙarshen shekarun 1940 daga dama zuwa hagu ake karanta su, na baya kuma daga hagu zuwa dama. Wanda ya juya rubutun sai ya mai da 12 ta zama 20. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi sunan zamani a fara daga nan, a ƙare a kan harafin shekara. Kazalika kuɗin kafin ƙarshen yaƙin duniya na biyu suna ɗauke da 大日本, na bayan yaƙi kuma 日本国. Wanda aka ga 大韓 a kansa na Koriya ne, ko da yake a Osaka aka buga wasunsu daga 1905 kuma sun yi kama da na Japan sosai.

Yen na azurfa da na zinariya

Sulen da ya fi jan hankalin masu saye shi ne yen ɗaya na azurfa. Nauyinsa giram 26.96 ne, faɗinsa kimanin milimita 38, kuma kashi 90 cikin 100 nasa azurfa ce, wato giram 24.26. Daga 1874 yana ɗauke da lambobin 416 da 900 a rubutun boko, na farko nauyinsa ne a ma'aunin Ingila na ƙwayar hatsi, na biyu kuma ingancin azurfar. An daina buga shi a 1914. Shekara ce ke raba farashi: na 1875, wanda adadinsa bai kai dubu 140 ba, ya yi wa na shekarun da aka buga miliyoyi fintinkau. Daga 1875 zuwa 1877 an kuma buga wani na musamman domin cinikin ƙetare, mai lambar 420 da nauyin giram 27.22.

A 1897 Japan ta koma ma'aunin zinariya, ta mai da yen ɗaya daidai da giram 0.75. A lokacin ne aka danna wa ɗimbin sulallan azurfa ƙaramin tambari zagayayye mai harafin 銀 domin amfani da su a wajen ƙasa. Wannan tambari na hukuma ne. Ya bambanta da ƙananan tambura barkatai da 'yan kasuwar Sin ke dannawa don gwada azurfa, waɗanda ke rage farashi.

Ta fuskar zinariya, tsohon yen 20 na 1870 yana da nauyin giram 33.33, tsantsar zinariyarsa giram 30, kuma yana cikin mafiya tsada a kuɗin Japan na zamani. Sabon yen 20 da aka fara a 1897 rabin wannan nauyi ne. Tsakanin 2005 da 2008 ma'aikatar kuɗi ta Japan ta yi gwanjon tsabar zinariya fiye da dubu 30 da ke ajiye a hannunta. Waɗannan suna cikin rufaffun akwatunan roba masu lamba, kuma bai kamata a fasa su ba.

Lokacin yaƙi da bayansa

Da yaƙi ya cinye tagulla, sai aka koma sanholo daga 1938, sa'annan kuza a 1944. Waɗannan suna da yawa kuma ba su da tsada. A 1945 har an ƙera kwabban tangaram, amma yaƙin ya ƙare kafin a fitar da su. An daɗe ana ganin ba su da yawa, sai ga shi a 2024 maƙerar kuɗi ta ba da sanarwar gano kimanin dubu 500 a wani ɗakin ajiya a birnin Kyoto, abin da ke nuna cewa ƙarancin tsaba ba abu ne tabbatacce ba. A 1953 aka soke sen da rin baki ɗaya.

Cikin kuɗin bayan yaƙi akwai waɗanda ya kamata a ware. Yen 100 na shekarun 1957 zuwa 1966 kashi 60 cikin 100 nasa azurfa ce, wato giram 2.88 cikin 4.8. Yen 10 na 1951 zuwa 1958 yana da zarto a gefe, kuma na 1958 ya fi ƙaranci da miliyan 25. Yen 50 na 1987 guda dubu 775 kawai aka buga, dukkansu cikin fakitin masu tarawa. Yen 1,000 na gasar Olamfik ta Tokyo a 1964 yana da giram 20 na azurfa mai ingancin 925, sai dai an buga kimanin miliyan 15, saboda haka farashinsa yakan bi na azurfa ne. Na shekara ta 64 ta Showa, wadda kwana bakwai kacal ta yi kafin rasuwar sarki Hirohito a watan Janairun 1989, ba su da ƙarancin da ake zato, domin an ci gaba da buga su na wasu makonni.

Akwai kuma yen dubu 100 na zinariya da aka fitar a 1986 don cikar Hirohito shekaru 60 a kan gado. Giram 20 ne na tsantsar zinariya, wadda a wancan lokaci kuɗinta bai kai rabin abin da aka rubuta ba, abin da ya jawo 'yan jabu, har aka gano fiye da dubu 100 na bogi a 1990. Amma tun da giram ɗaya na zinariya ya haura yen dubu 10 a kasuwar Japan a 2023, ƙarfen ya fi rubutun daraja. Wanda ya kai shi banki abin da aka rubuta kawai za a ba shi, ya yi asarar ragowar.

Gane jabu

Yen na azurfa da Koban su ne aka fi kwaikwayo. Kayan gwaji uku ke isar magaji a matakin farko: sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, ma'aunin faɗi, da gilashin ƙara girma. Yen ɗaya na sanholo, wanda ake bugawa tun 1955, giram ɗaya ne cif, saboda haka ana iya gwada sikelin da shi. Sulen da ya gaza nauyinsa da giram ɗaya ko fiye abin tuhuma ne. Haka ma wanda aka ga ƙananan ramuka ko ƙuraje a fuskarsa, ko layin haɗi a gefensa, ko ƙayoyin jikin dodon sun cuɗe, domin alamun zubi ne a kan abin da ya kamata a ce bugu ne.

Azurfa da zinariya ba sa manne wa mayen ƙarfe. Sai dai wannan gwaji yana da iyaka, domin jabun tagulla da aka shafe da azurfa shi ma ba ya mannewa, alhali Kan'ei na baƙin ƙarfe da yen 50 na 1955 zuwa 1966 suna mannewa kuma na gaske ne. Akwai kuma masu huji ɗauke da hoton doki ko gumaka. Waɗannan ana kiransu Esen, kayan wasa ne da na neman sa'a, ba a taɓa ciniki da su a matsayin kuɗi ba.

Kada a wanke

Babbar ɓarnar da magada ke yi ita ce goge kuɗi don su yi ƙyalli. Duhun da azurfa ta yi da launin da tagulla ta ɗauka cikin shekaru shaida ce ta asali, kuma masu saye suna gane wankakken sule nan take ta ƙananan ƙarce-ƙarce. Toka da lemun tsami da man goge ƙarfe suna iya zubar da rabin farashi ko fiye cikin minti ɗaya, kuma babu gyara. A gefe ake riƙe tsaba, a ajiye kowace ita kaɗai a busasshen wuri, nesa da roba mai laushi wadda ke sa ƙarfe ya yi kore. Tsoffin ambulan da rasit da rubutun hannun mamaci su ma a adana su, domin suna tabbatar da tushen kayan.

Dillalan Japan suna kasa yanayin tsaba zuwa matakai, daga wadda ba a taɓa kashewa ba, zuwa kyakkyawa ƙwarai, kyakkyawa, da gama-gari. A kasuwannin duniya kuwa ana amfani da ma'aunin 1 zuwa 70 wanda William Sheldon ya ƙirƙiro a Amurka a 1949. Kamfanonin PCGS da NGC, da aka kafa a 1986 da 1987, suna tantancewa su rufe tsaba cikin akwatin roba da lambar matsayinta. Sulalla biyu na shekara ɗaya suna iya bambanta ninki goma saboda yanayi kawai.

Ƙiyasi, sayarwa da rabo

Ƙiyasi yana farawa ne daga ƙasa. Da farko a duba ko kuɗin yana aiki har yanzu, domin ba zai gaza abin da aka rubuta ba. Na biyu a lissafa ƙarfen, wato nauyi a ninka da inganci, a ninka da farashin giram na ranar. Abin da ya hau kan wannan shi ne ƙarin da masu tarawa ke biya saboda ƙaranci da kyau. Ƙungiyar dillalan kuɗi ta Japan, JNDA, tana wallafa kundin farashi kowace shekara, tana kuma ba da takardar shaidar inganci. Dangane da kwabban zubi akwai littafin David Hartill na 2011 a harshen Ingilishi. Gidan tarihin kuɗi na Bankin Japan da ke unguwar Nihonbashi a Tokyo, daura da inda maƙerar zinariya ta Edo take a da, yana da samfurori na kwatance.

Farashin kundi na sayarwa ne a kanti, dillali kuwa ƙasa da haka yake saye. Abin dogaro shi ne kuɗin da aka biya a gwanjon baya-bayan nan, domin abin da mai kaya ya yi wa kayansa suna a intanet ba ciniki ba ne. Tantancewa tana da kuɗi, saboda haka masu tsada kaɗai ya dace a aika. Yana da kyau a ji ta bakin dillalai biyu ko uku, kuma a yi hattara da wanda ya nemi sayen tarin a dunƙule ba tare da ya duba ɗaya-ɗaya ba. A cikin Japan wata doka ta 1947 ta haramta narka tsabar da ke aiki, harajin gado kuma cikin watanni goma ake bayyana shi.

Wajen rabo, ƙidaya ba ta isa ma'auni ba. Idan aka ba wannan magaji kwabo ɗari aka ba wancan ɗari, mai yiwuwa ne sule guda da ya faɗa hannun ɗayansu ya fi duk sauran a haɗe. Abin da masana ke ba da shawara shi ne a jera kayan a rubuce, kowanne da hotonsa gaba da baya, da nauyinsa da shekararsa, a sami ƙiyasi daga wanda ba shi da niyyar saye, sa'annan a raba bisa daraja, musamman idan akwai marayu ko waɗanda ba sa nan a cikin masu haƙƙi.